Gawayi da Zafi

A cikin birnin Kano akwai maƙera da yawa, kuma da gawayi suke aiki. Gawayi yana da ƙarfi ɓoye a cikinsa, wanda itace ya tara daga hasken rana. In an kunna shi, yaron maƙeri ya yi zuga, sai gawayin ya haɗu da wani sashe na iska da ake kira oksijin, ƙarfin nan ya fito ya zama zafi.

Kullum zafi yakan tashi daga abu mai zafi ya shiga mai sanyi. Shi ya sa ƙarfe yake yin ja a wuta. In maƙeri ya tsoma shi a ruwa, ƙarfen ya huce, ruwan ya yi ɗumi. Zafin bai ɓace ba, wuri kawai ya sake.

Amma a yi hattara da hunturu. In an rufe ɗaki da kaskon wuta a ciki, iska takan yi wa gawayi kaɗan, sai ya fitar da wata iska mai guba, ba launi, ba wari. Takan kashe mutum cikin barci. Saboda haka kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.