Yadda Ɗan Ƙaramin Famfon Mai Ya Lashe Ribar Kamfanin Denso Ta Wata Uku

Duk wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin mota ƙirar Toyota, to, da wuya a ce bai ci karo da sunan Denso ba, ko dai a jikin fulogi, ko lagireto, ko kuma na'urar sanyaya mota. Wannan kamfani na ƙasar Japan, wanda hedikwatarsa take a garin Kariya cikin lardin Aichi, ya ɓalle ne daga jikin Toyota a shekarar 1949 da sunan Nippondenso, kuma yana cikin manyan masu ƙera kayayyakin mota na duniya, inda ake ambatonsa tare da Bosch na Jamus. Kusan rabin cinikinsa da kamfanonin rukunin Toyota yake yi.

Shekarar kuɗi ta kamfanin tana farawa ne a watan Afrilu ta ƙare a watan Maris, kuma duk bayan wata uku yakan bayyana wa masu hannun jari yadda harka ta kasance. A rabin farko na shekarar 2023/2024 komai ya tafi yadda ake so. Ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ya tsayar da masana'antun mota tun daga 2021 ya yi sauƙi, darajar Yen kuma ta faɗi, abin da ke kumbura kuɗin da kamfani ya samo daga waje idan an juya su zuwa kuɗin gida. Ribar gudanar da aiki daga Afrilu zuwa Satumba ta kai Yen miliyan dubu 211.8, har shugabannin kamfanin suka yi hasashen za su rufe shekara da Yen miliyan dubu 630.

Sai aka zo rahoton watannin Oktoba zuwa Disamba, wanda aka fitar a farkon Fabrairun 2024. Ciniki bai ragu ba, amma jimillar ribar wata tara ta tsaya a Yen miliyan dubu 238.6 kacal. Wato ke nan a cikin waɗannan watanni uku abin da aka samu bai kai Yen miliyan dubu 27 ba, alhali a kowane ɗaya daga cikin zango biyun da suka gabata ana samun kimanin miliyan dubu 100. Nan take aka sauke hasashen shekara zuwa miliyan dubu 495.

Musabbabin wannan koma-baya shi ne famfon da ke zaune a cikin tankin mota yana tura fetur zuwa inji. A cikinsa akwai wata 'yar farfela ta roba, wadda a wasu rukunan da aka ƙera robarta ba ta yi ƙwarin da ake bukata ba. Idan ta daɗe cikin mai sai ta kumbura ta riƙa gogar jikin gidanta, daga nan famfon ya tsaya, inji kuma ya mutu ko da mota tana tsakiyar gudu. Toyota ce ta fara janye motoci kusan 700,000 a Amurka cikin Janairun 2020, sa'an nan wasu kamfanoni suka biyo baya. A Disambar 2023 Honda ta sake kiran motoci wajen miliyan biyu da rabi a Amurka kawai, kuma a wannan zangon ne Denso ya ware fiye da Yen miliyan dubu 150 domin biyan kuɗin gyara.

Abin lura a nan shi ne, tun a 2022 Denso ya riga ya sayar da sashen ƙera famfon mai ga kamfanin Aisan. Ya rabu da sana'ar, amma alhakin abin da ya ƙera a baya bai rabu da shi ba. Ƙa'idar lissafin kuɗi kuma ta tilasta wa kamfani ya rubuta irin wannan asara da zarar ya iya ƙiyasta ta, ba sai ranar da ya biya ba, shi ya sa nauyin kuskuren shekaru ya faɗo a kan zango guda.

Ko hasashen da aka rage ɗin ma ba a cim masa ba. An rufe shekarar a Maris na 2024 da cinikin Yen miliyan dubu 7,144.7, wanda kamfanin bai taɓa yin irinsa ba a lokacin, amma riba ta tsaya a miliyan dubu 380.6, ƙasa da miliyan dubu 426.1 na shekarar da ta gabace ta. A shekarar da ta biyo baya ciniki kusan bai motsa ba, amma riba ta haura zuwa miliyan dubu 519, don an sauke mafi yawan wancan kaya.

Dangane da abin da ke gaba kuwa, al'amura biyu ne suka fi jan hankali. Akwai harajin kashi 25 cikin ɗari da gwamnatin Shugaba Donald Trump ta ɗora wa kayayyakin mota masu shiga Amurka a Mayun 2025, wanda daga bisani aka sassauta wa Japan shi zuwa kashi 15. Sai kuma yadda Denso ke janye jiki daga kayan injin fetur domin mayar da jarinsa ga motoci masu amfani da lantarki. A Satumbar 2025 ya ƙulla yarjejeniyar sayar da sashen fulogi ga Niterra, wato kamfanin da ke ƙera fulogin NGK. Dillalan da suka saba ajiye waɗannan sunaye biyu a matsayin kishiyoyin juna a kan kanta, ya kamata su sa ido kan abin da hakan zai yi wa farashi.

Har ila yau, maganar famfon ta shafi kasuwarmu kai tsaye. Motoci irin su Camry da Corolla da Highlander da Accord da CR-V na wajejen 2018 da 2019 suna cikin waɗanda aka janye, kuma irinsu ne ake shigowa da su daga Amurka a matsayin na hannu. Wadda aka yi gwanjonta kafin a canja mata famfo za ta iso Legas da cutarta, kuma a nan bakanike zai iya ɗora laifin a kan gurɓataccen mai. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet inda ake shigar da lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, a ga ko akwai gyaran da ba a yi mata ba. Binciken kyauta ne, kuma mai saro motoci zai iya yin sa tun kafin ya biya kuɗin jirgi.