Hita Marar Bututu Tana Bukatar Taga

A Amurka gidaje da yawa suna ɗumama ɗaki da hita mai gas marar bututun hayaƙi, kuma duk abin da wutarta ta fitar a ɗakin yake tsayawa. Kilo 1 na gas ɗin furofen idan ya ƙone yakan saki tururin ruwa kusan kilo 1.6, shi ke jiƙa bango har ya yi funfuna. Masu sayarwa za su ce ai tana kashe kanta idan oksijin ya sauka zuwa kashi 18 cikin ɗari. Haka ne, amma ba ta auna danshi, ba ta auna kabon monoksayid, gubar nan marar wari mai kashe mutum cikin barci. Dole a bar taga a ɗan buɗe, kuma kada a kwana da ita a kunne.