Hutun Kwana Biyu a Bakin Tiga, da Zancen Shunin Kura

Mutanen Ikko, waɗanda Allah ya hore wa teku a ƙofar gida, idan gajiyar aiki ta ishe su sukan fita bakin ruwa su sha iska, daga nan su ratsa ta Lekki su shiga gidan zane-zane na Nike su ba idanunsu abinci. Mu kuwa mutanen ƙasar Kano, da yake rabonmu bai biyo ta teku ba, sai muka dangana da Tiga, madatsar da aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, wadda in mutum ya tsaya gaɓarta da la'asar sakaliya, yana kallon masunta cikin kwale-kwalensu, lalle zai sami natsuwar da ma'abota tafakkuri ke nema.

Hanyar ma da kanta nishaɗi ce, domin ruwan nan na Tiga, bayan ya bi ta Ruwan Kanya, shi ne ke malala cikin magudanai yana shayar da shinkafar Kura da Bunkure da tumatirin Kadawa, har ka ga ƙasa kore shar a tsakiyar rani, alhali sauran karkara ta yi fari fat da ƙurar hunturu.

Amma abin da ya tsaya mini a rai, sa'ad da na yada zango a Kura, shi ne cewa garin da yau ba a ambatonsa sai da buhun shinkafa, tun kafin a haifi kakannin masu injinan casa sunansa ya riga ya ƙetare Sahara saboda karofi da mabuga. A nan ake tsoma saƙi cikin baba, a sake tsomawa, sa'an nan a shimfiɗa shi bisa gungume a yi ta bugu da shuni har ya ɗauki walƙiya kamar ƙarfe, ya zama turkuɗi ko rawani ɗan Kura, wanda Buzayen Abzin ke saye da tsada, ba su kuma ƙin ya rina musu fata. Baturen nan Barth, da ya iso Kano a 1851, ya shaida cewa tufafin ƙasar nan na kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Wanda ke son ganin kayan tarihin Kano a jere sai ya koma birni, Gidan Makama, ginin da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa. A ganina, da za a sami ɗaki ko guda a bakin Tiga, a rataye waɗannan tufafi yadda hasken ruwa zai riƙa dukansu, a ajiye gungumen bugu da sandunansa a tsakar ɗaki, a kuma zaunar da dattijo ɗaya daga marinan Kura yana bayani, da baƙon da ya zo hutun kwana biyu ya nemi ƙarin na uku.