Tabkin Tabalak na neman 'yan sa-kai kafin yashi ya cike shi

Duk shekara idan damina ta ɗauke, tsuntsaye masu gudun sanyin Turai sukan sauka a tabkin Tabalak da ke jihar Tawa, su tarar da na gida irin su balbela da kirinjijiya. Tun 2005 tabkin ya shiga jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka sa wa hannu a Iran a 1971. Masunta da makiyaya da masu noman rani duk da shi suka dogara.

Sai dai yashi na yi masa barazana. Inda aka sare itatuwa a kan tuddai, ruwan sama kan kwaso ƙasa ya jibge a cikin tabki, zurfinsa ya ragu.

Mutanen jihar sun daɗe suna yaƙi da zaizaya. A 1975 ƙungiyar CARE da manoman yankin Buza suka soma dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska. A Keita, shirin da aka fara a 1984 ya dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin.

Ban da dashe, akwai ƙidayar tsuntsayen ruwa da ƙungiyar Wetlands International ke shiryawa duk watan Janairu, wadda galibi 'yan sa-kai ke yi. Alƙalumanta ke nuna tabkin da tsuntsaye suka fara ƙaurace wa.

Matashin da ya koyi ƙidayar zai iya koya wa 'yan makaranta, musamman ranar 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya. 'Yan ci-rani kuma za su iya aiko da madubin hangen nesa ko kuɗin irin dashe.