Asid Ba Ya Wanke Daɓen Kankare, Cin Sa Yake Yi

Rusau da aka soma a Jidda daga ƙarshen 2021, wanda ya share unguwanni irin su Gulail, Petromin, Sabil da Karantina, ya kuma iso wani ɓangare na Ruwais a 2022, ya sauya wa 'yan'uwanmu masu aikin ƙarfi wurin neman abinci. Wani da yake sharar ƙaramin ɗakin ajiya a lungu, yau sai ka same shi a katafaren sito a Khumra, kudu da gari, inda tireloli ke sauke kwantenonin da suka fito daga tashar jiragen ruwa. A irin waɗannan wurare ne ake cin karo da daɓen kankare mai ƙyalli, wanda mutum ke hango hasken fitilar sama a cikinsa. Magana kuwa ta yaɗu a kansa, har ta iso kunnen masu gina sito a Kano, a Sharaɗa da Bompai da Dawanau: wai fenti ne aka shafa, wai ado ne kawai, kafin shekara ta zagayo ya dushe, kuma wai in ya dushe maganinsa a kwarara masa asid ya fito fes. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi ci mini rai, domin ita ke kashe daɓen da ya kamata ya yi shekaru masu yawa yana aiki.

Babu fenti a kansa. Ƙyallin da ake gani kankaren ne da kansa. Bayan an zuba shi ya ƙosa, galibi bayan kwana 28, sai a kawo inji mai nauyi da aka ɗaura wa haƙoran daimon a gurje fuskarsa. Ana farawa da mai kaushi, lamba 30 ko 40, a riƙa sauyawa zuwa mai laushi, 400, 800, 1500, wani lokaci har 3000. Kowane zagaye yana share ƙarzunan da na baya ya bari, har su ƙanƙance ido ya daina ganinsu, haske ya riƙa dawowa kai tsaye maimakon ya warwatse. A tsakiyar aikin ake yayyafa ruwan silikat, na sodiyam ko fotasiyam ko litiyam.

Duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen gargajiya ya riga ya san aikin wannan ruwa. Ana baza tsakuwa da ƙasa, a yi ta bugu da madaɓi, ana yayyafa ruwan makuba. Makubar ba ta kwanciya a sama, shiga take yi cikin ƙasar ta ɗaure ta, shi ya sa daɓen da ya sha makuba ba ya tashin ƙura, ba kuma a ɓare shi. Haka silikat yake nutsewa cikin ƙananan kofofin kankare, ya haɗu da farar ƙasar da siminti ke bari a ciki yayin da yake daskarewa, su zama irin ƙullin da ke riƙe kankaren tun asali. Kuma kamar yadda babu macen da za ta gama wahalar daɓe ta ɗauko fartanya ta ce sharar ɗaki za ta yi, haka bai kamata a kawo wa wannan daɓe abin da ke kankare fuskarsa ba.

Asid kuwa aikinsa ke nan. A ma'aunin pH, inda 7 ne tsaka-tsaki, sabon kankare yana wajen 12 zuwa 13, wato shi da asid kishiyoyi ne. Da zarar ruwan wanke masai ko asid ɗin masu tayil ya sauka a kansa, sai ka ga kumfa tana tashi. Mai shara ya ɗauka dauɗa ce ke fita, alhali simintin ne ke narkewa. Wurin ya yi fari, a ce ya yi tsabta, amma shafa shi da tafin hannu za ka ji kaushi. Kofofin da silikat ya toshe sun sake buɗewa, gobe dauɗa ta fi kama wurin, jibi a ƙara asid. Ba sai mai ƙarfi ba ma: lemon kwalba, ruwan tumatir, ruwan lemon tsami, duk in suka kwana sai sun bar tabo. Inda ake cajin batirin motar ɗaga kaya ya fi ko'ina haɗari, don ruwan batir asid ne mai zafi, dole a shimfiɗa wa wurin tire ko tabarmar roba. Masu ajiye takin zamani su ma su sani cewa wanda ke ɗauke da amoniyam salfet ko amoniyam naitiret, in ya jiƙe a ƙasa, yana cin kankare a hankali.

Abokin gaba na biyu ba ya kumfa, shi ya sa aka raina shi. Yashi ne. Akasarin ƙwayarsa ma'adinin kwaz ne, wanda a ma'aunin tauri na Mohs yake mataki na 7, daimon yana 10, gilashin taga kuwa bai kai 6 ba. Taurarren siminti bai kai yashi tauri ba. Motar ɗaga kaya mai ƙananan tayoyi masu tauri, ɗauke da tan biyu ko uku, in ta taka ƙwayar yashi sai ta ja ta a ƙasa ta bar ƙarzo. Sau ɗaruruwa a wuni, a hanya ɗaya. Shi ya sa za ka ga ƙarƙashin kantoci na ƙyalli, hanyar tsakiya kuwa ta dushe. Jidda ba ta rabo da iska mai ƙura, ga ɓaraguzan rusau da na sababbin gine-gine. Kano kuma tana da hunturunta. Saboda haka sharar busasshen mofa mai laushi kowace rana, da shimfiɗa tabarmar kakkaɓe ƙafa a bakin ƙofa, sun fi kowane sinadari amfani. Wanda ya zuba ruwa bai share yashin ba, ya haɗa taɓon da zai gurje daɓen da hannunsa. Haka in ambaliya ta shigo, irin ta 24 ga Nuwamba 2022 da aka auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin kusan awa shida, kada mota ta taka wurin sai an kwashe lakar.

Batun santsi ma a gyara shi. Busasshen daɓe mai tsabta ba ya jan ƙafa don yana ƙyalli. Abin da ke kayar da mutum ruwa ne da aka bari kwance, ko mai, ko yauƙin omo da ba a ɗauraye ba. Sabulun da ya dace shi ne mai pH kusa da 7, kaɗan, sannan a tsotse ruwan da inji ko a janye shi da roba. Manja ko baƙin mai in ya zuba a goge nan take, don daɓen, duk ƙyallinsa, yana sha.

Ruwais da sauran unguwannin da ke gab da Bahar Maliya suna da nasu ciwon daban. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, kuma da gishiri. In ba a shimfiɗa leda mai kauri kafin zuba kankare ba, danshi yana hawowa ta ciki, ya bushe a sama ya bar farin gari. In gishirin ya kai ga rodi, tsatsa ta kumbura shi ya fasa kankaren. Wannan ba laifin mai shara ba ne, kuma asid ba ya maganinsa, gyara ne na injiniya. Haka layukan da ake tsagawa a daɓe don kada ya dare inda ya ga dama: in cikon da ke cikinsu ya fita, tayoyi suka fara ɓantare bakinsu, to a sake cikewa tun ramin bai yi faɗi ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda mai sito zai zuba dukiya a daɓe, ya kasa ware rabin awa a nuna wa wanda zai kula da shi abin da ake zubawa da wanda ba a zubawa. A miƙa wa bawan Allah jarkoki masu rubutun Larabci da Turanci, ba a karanta masa ba, in wuri ya lalace kuma shi ne mai laifi. Abin ma ya wuce asarar daɓe. Bilic da asid in suka haɗu a bokiti ɗaya suna fitar da iskar kilorin, wadda ke ƙona ido da huhu, musamman a rufaffen wuri, kuma har yanzu akwai masu haɗa su don wai wankin ya fi ƙarfi.

Daɓen da ya ɗan dushe ana farfaɗo da shi da injin gogewa mai saurin juyi. Wanda asid ya ci sai an koma baya an sake gurzawa daga lamba mai kaushi, a sake ba shi silikat. A nan ma ɗan kwangila na da haƙƙin leburansa a wuyansa: ƙurar kankare tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta jawo ciwon da ba ya warkewa. A gurza da ruwa, ko a haɗa injin da na'urar zuƙe ƙura, a kuma ba mai riƙe da shi takunkumin da aka yi don ƙura, ba ƙyalle ko rawani ba.