Dangantaka da Fankishin a Ilmin Lissafi: Matsalar Fassara

Malamin da zai koyar da lissafi da Hausa yakan ci karo da kalmomi biyu da ke rikita ɗalibai, watau dangantaka da fankishin. Ta farko ba ta da wuyar fassara. Ta biyu kuwa, wanda ya bi ƙamus zai ce “aiki”, kuma yana da hujja, domin asalinta kalmar Latin ce, functio, mai nufin gudanar da aiki, wadda Leibniz ya shigar cikin lissafi a ƙarshen ƙarni na 17. Sai dai ma'anarta ta daɗe da barin nan, musamman bayan rubutun Dirichlet na 1837.

A wurin masana lissafi, dangantaka ita ce duk wata hanya ta haɗa 'yan wani rukuni da 'yan wani. Fankishin kuwa dangantaka ce mai sharaɗi: kowane ɗan rukunin farko ya sami abokin haɗi ɗaya tak, kada ya rasa, kada ya zarce.

Kalmomin zumunta sun isa misali. “Mahaifiyar wane” fankishin ne, domin kowa tasa ɗaya ce, kuma 'ya'ya goma su haɗa mahaifiya bai karya sharaɗin ba. Da gangan muka guji “uwa”, tun da Bahaushe yakan kira kishiyar mahaifiyarsa da ƙanwarta uwa. “Ɗan wane” dangantaka ce kawai: wani yana da bakwai, wani bai haihu ba. Haka nan “mijin wance” fankishin ne a rukunin matan aure, amma “matar wane” ba shi ba ne, tun da namiji na iya ajiye huɗu. Abin lura, in aka faɗaɗa rukunin ya haɗa da 'yan mata da zawarawa, “mijin wance” ma ya faɗi, saboda wasu sun rasa abokin haɗi.

A lambobi ma haka abin yake. In aka ninka lamba da kanta amsa ɗaya ake samu: 3 ta ba da 9, −3 ma ta ba da 9. In aka juya tambayar, aka nemi lambar da aka ninka ta ba da 9, amsa biyu ce.

A ganinmu “aiki” ba ta nuna wa ɗalibi wannan sharaɗi ko kaɗan. Shawararmu ita ce a riƙa cewa “dangantaka mai amsa ɗaya” a aji, ko da ta yi tsawo a baki.