Gayyar yanke kacalla a fadamar Hadeja da Nguru

A ƙauyukan da ke bakin magudanar Marma, tsakanin Hadeja da Nguru, akwai ranar da ake ajiye fartanya a ɗauki lauje da adda. Mai gari ya sa a yi shela, matasa su shiga ruwa har ƙirji, masunta su kawo kwale-kwale a kwashe abin da aka sare. Abin da ya tara su kacalla ce, ciyawar da ta fi mutum tsayi, wadda ta samu gindin zama bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Da can ruwan fadamar yakan cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Yanzu ruwa na kwance a wurare da dama duk shekara, kacalla kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, gonakin wasu sun nutse, na wasu sun bushe. Ta hana a jefa taru, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, ta kuma rufe sararin da tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, a yankin da ya shiga jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya a 2000.

Wasu na cewa wahalar banza ce, tunda ciyawar tana sake tsirowa, kuma aikin na injin gwamnati ne. Gaskiya ne babbar magudana sai inji. Amma inji baƙo ne, kacalla kuwa 'yar gida ce, kuma ba ya shiga ƙananan rafukan da ke kai ruwa gona. Batun sake tsirowa ma ya danganta da yadda aka yanka. Saiwar kacalla ta ganye take shaƙar iska, saboda haka idan aka yanke ta ƙarƙashin ruwa, aka maimaita, sai ta shaƙe ta ruɓe. Wannan aikin hannu ne, na wanda ya san zurfin kowane lungu. Inda aka buɗe, kifi yakan dawo, bado ya samu wuri, shanu su kai ga mashaya.

Duk da haka bai kamata a bar wa talaka kayan shi kaɗai ba. Muddin hukumomin madatsun ba su daidaita sakin ruwa yadda fadama za ta riƙa shan iska da rani ba, gayyar bana sai an sake ta baɗi. Mutanen ƙauye sun sauke nasu nauyin, saura masu riƙe da ƙofar ruwa.